Inda Holanci Yake Yanka Kalma da Inda Yake Danna Murya

 Yau shirin zai leƙa ƙasar Holan, a ji yadda mutanenta suke liƙa kalmomi su zama ɗaya, da yadda kunne yake warware su.

Akwai wata kalma mai haruffa 10 da ta yi ƙaurin suna a can wajen sa mai karatu tuntuɓen harshe, ita ce bommelding. Idan ido ya faɗa mata ba shiri, sai ya raba ta gida biyu, bommel da ding. Ding abu ke nan. Bommel kuwa sunan wani beyar ne mai kuɗi da son girma a labaran zane na Marten Toonder, waɗanda suka fara fita a jarida a 1941. Sai mai karatu ya ɗauka maganar "abin Bommel" ake yi. Alhali labarin ba na dariya ba ne. Bom ce, wato bam, aka haɗa da melding, wato sanarwa: kiran da ake yi wa 'yan sanda a ce an dasa bam a wuri kaza. Ko harafi ɗaya bai canza ba. Wurin yankan ne kawai ya gusa da haruffa uku.

A baki kuwa babu wannan rikici. Mai nufin sanarwar bam zai buɗe wasalin tsakiya sosai, ya ɗan ba shi nauyi: BOM-mel-ding. Mai nufin abin beyar zai haɗiye wasalin nan, ya wuce da sauri zuwa ding. Abin da takarda ta ɓoye, murya tana bayyana shi, kuma a kan wannan ne zancen yau zai tsaya.

Mutum kusan miliyan 25 ne suke jin Holanci a matsayin harshen uwa, a Holan, da yankin Flanders na arewacin Beljiyam, da Surinam a Kudancin Amurka, da wasu tsibiran Karibiyan irin su Aruba da Curaçao. Kamar ɗan'uwansa Jamusanci, harshe ne mai son harɗa kalmomi, kuma ƙa'idarsa ita ce duk abin da aka harɗa a rubuta shi a haɗe, ba tazara a tsakani. A filayen da Tijjani Babangida ya taka leda yana Ajax, Ahmed Musa kuma yana VVV-Venlo, kusan duk kalmomin wasan irin wannan gini ne. Voet ƙafa ce, bal ƙwallo, sai ga voetbal. Straf horo ne, schop shuri, sai ga strafschop, bugun fenareti. Hoek kusurwa, sai ga hoekschop, bugun kwana.

Mai jin Hausa zai lura cewa jerin a juye yake. Bahaushe yana fara faɗin abin, sannan ya bayyana irinsa: gidan waya, jirgin sama, ɗan sanda. Ɗan Holan yana fara bayani, ya ajiye ainihin abin a ƙarshe: postkantoor, wato waya tukuna sannan ofis. Kalmar ƙarshe ce take riƙe da ragamar nahawu. Ita ke yanke jinsi, ita ke ɗaukar jam'i. Gida het huis ne, ƙofa de deur, ƙofar gida kuwa de huisdeur, ta bi ƙofa ta bar gida. Kuma babu dokar da ta ce a tsaya a kalma biyu. Inshorar da ke biyan ma'aikaci idan lalura ta hana shi aiki sunanta arbeidsongeschiktheidsverzekering, haruffa 33, gaɓa 10, kuma kalma ce ta yau da kullum a takardun ofis. Wurin haɗin yakan tara baƙaƙe jingim: angstschreeuw, ihun tsoro, tana da baƙaƙe takwas a jere ba wasali a tsakaninsu.

To, ta yaya mai sauraro yake gane inda wata ta ƙare, wata ta fara? Abu na farko shi ne nauyin murya.

Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta. Holanci ba haka yake ba. A kowace kalma akwai gaɓa ɗaya da ake dannawa, ta fi sauran tsawo da ƙarfi, wasalinta ya fita tangaran, sau da yawa muryar ta ɗan hau a kanta. A kalmar da ba harɗaɗɗiya ba, gaɓar da ake dannawa kusan kullum tana cikin uku na ƙarshe, kamar kaLENder ko teleFOON. Harɗaɗɗen suna kuwa tasa ƙa'idar daban ce: babban nauyi yana kan kalmar farko, sauran su sami ƙaramin rabo. VOETbal. STRAFschop. ZIEkenhuis, asibiti. Ruwan lemo SInaasappelsap ne, gaɓa biyar, kuma ta farkon ce take ɗauke da kayan. Duk lokacin da kunne ya ji nauyi ya faɗo can gaba haka, ya san ba kalma ɗaya tilo yake ji ba.

Wannan nauyi shi ke raba harɗaɗɗiyar kalma da kalmomi biyu da suka zauna kusa da juna kawai. Klein ƙarami ne, kind yaro. Idan tsohuwa ta nuna yaro a titi ta ce klein KIND, ƙaramin yaro take nufi, ko na wane ne. Idan ta ce KLEINkind, jikanta ne. Sautukan iri ɗaya, jerinsu iri ɗaya, amma wurin dannawa ya mayar da ɗan maƙwabta ɗan gida.

Sai dai ƙa'idar tana da 'yan tawaye, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Ginin hukumar gari yana da sunaye biyu: RAADhuis, mai bin doka, da stadHUIS, mai kai nauyi ƙarshe. Ɗan manomi boerenZOON ne. Magajin gari burgeMEESter. Manyan biranen ƙasar biyu ma haka suke. Amsterdam madatsar ruwa ce a kan kogin Amstel, Rotterdam madatsa a kan kogin Rotte, kuma masu garin suna cewa AmsterDAM da RotterDAM. Wanda ya koyi sunayen daga bakin Turawan Ingila yakan danna farko, da ya buɗe baki kuwa an san baƙo ne. Irin waɗannan babu dabara sai hadda.

A wajen aikatau ne abin ya fi tsanani. Voorkomen kalma ce guda a takarda, biyu a baki. VOORkomen, aukuwa. VoorKOmen, hana aukuwa. Likita da zai yi magana a kan wata cuta, tsakanin "tana faruwa" da "a hana ta faruwa" babu komai sai wurin da ya danna. Nahawu ma yana bin sawun muryar. Idan nauyi yana kan ɗafa-goshin, to ɗafa-goshin yana iya ɓallewa ya koma bayan jimla: het komt voor, abin yana faruwa. Idan nauyi yana kan tushen aikatau, ba ya ɓallewa ko kusa: hij voorkomt het, ya hana shi. Haka ONdergaan, faɗuwar rana, da onderGAAN, shan wani abu kamar tiyata. Haka Overleggen, miƙa takardu, da overLEGgen, yin shawara. Ƙa'idojin rubutu sun yarda marubuci ya ɗora 'yar alama a kan wasalin da ake dannawa idan yana tsoron a yi masa mummunar fahimta, ya rubuta vóórkomen ko voorkómen. Da irin alamar ce ake raba één, lamba ɗaya, da een, wadda ke nufin wani ko wata.

Masu bincike sun gwada ko da gaske kunnen ɗan Holan yana dogara da wannan nauyi. A 2001, Anne Cutler da Wilma van Donselaar, waɗanda suka yi aikin a cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da ƙwaƙwalwa da ke Nijmegen, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da tagwayen kalmomi irin su VOORnaam, sunan yanka, da voorNAAM, mai daraja. Sun gano cewa masu sauraro ba sa ɗaukar su kalma ɗaya, kuma suna amfani da nauyin murya tun kalma ba ta ƙare ba wajen zaɓen wadda ake nufi. Akwai dalili. A Ingilishi, gaɓar da ba a danna ba yawanci wasalinta yakan shanye, don haka wasalin kaɗai ya isa shaida. A Holanci kuwa gaɓa takan rasa nauyi amma wasalinta yana nan cikakke, sai ya zama dole kunne ya kula da tsawo da ƙarfi da hawan murya.

Wannan ke nan game da nauyi. Abu na biyu shi ne rabon gaɓa, kuma a nan ne rubutun Holanci gaba ɗaya ya jingina.

Ɗalibin Hausa ya san buɗaɗɗiyar gaɓa, mai ƙarewa da wasali, da rufaffiya, mai ƙarewa da baƙi. Ya kuma san cewa rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali: gari na mutane da gari na tuwo duk rubutu ɗaya ne, sai jimla ta raba gardama. Holanci ya zaɓi ya nuna tsawon, amma ta hanyar gaɓa. A rufaffiyar gaɓa, dogon wasali ana rubuta shi sau biyu: boom, itace. Gajere sau ɗaya: bom, bam. Da an zo jam'i sai lissafi ya juya. Itatuwa bo-men ne. Gaɓar farko ta buɗe, wasali ɗaya ya isa, domin wasalin da ke ƙarshen buɗaɗɗiyar gaɓa dogo ake karanta shi. Bama-bamai kuwa bom-men ne. An ninka baƙin don a rufe gaɓar, wasalin ya zauna gajere. Ba a jan baƙin a baki kamar yadda Bahaushe yake ja a "hannu" ko "kunne", alama ce kawai ga ido. Haka maan da manen, wata da watanni na sama, kusa da man da mannen, namiji da maza.

A ajin firamare, yaran Holan suna tafa hannu suna rarraba kalma, tafi ɗaya gaɓa ɗaya. Malamai da yawa suna ba ƙa'idar fuska don ta zauna: akwai klinkerdief, ɓarawon wasali, wanda yake sace o ɗaya daga boom idan ta zama bomen, akwai kuma mai ninka baƙi, wanda yake ƙara m a bommen. Yaro yana tafi, yana sauraron ko wasalin dogo ne ko gajere, sannan ya san wanda zai kira cikin biyun.

Harɗaɗɗiyar kalma tana zuwa sai ta ce wannan doka ba ta ƙetare mahaɗarta. Sunan hukumar da ke kula da harshen ma shaida ne. Taal harshe ne, jam'insa talen, ɓarawo ya ɗauke a ɗaya. Amma Taalunie, wato taal da unie, Tarayyar Harshe, ta riƙe wasulanta biyu duk da cewa wasali ne yake biye. Dalili, yankan yana bayan l: taal-unie. Ta ɗaya gefen kuma, harin bam bomaanslag ne, m ɗaya tak, amma o gajere ne, domin bom-aanslag ake yankawa. Wanda ya yanka bo-maanslag ya ja wasalin, ya faɗi abin da babu shi a ƙamus.

Baki ma yana girmama mahaɗar. A Holanci, d da ta zo ƙarshen gaɓa t ake furta ta. Hand, hannu, "hant" ake ji. A jam'i, han-den, d ta tsallaka gaɓa ta biyu ta dawo da muryarta. Haka a han-del, ciniki. To amma aikin hannu, handarbeid, ko da yake wasali ne ke bin d ɗin, ba ta tsallakawa: "hant-arbeit" ake cewa. Masanin harshe Geert Booij, a littafinsa na 1995 kan tsarin sautin Holanci, ya bayyana abin da cewa kowane ɓangare na harɗaɗɗiyar kalma yana zaman kansa ne a wajen furuci, yana raba gaɓoɓinsa shi kaɗai, ba ya ara wa maƙwabci baƙi. Nahawu yana ganin kalma ɗaya, baki yana ganin biyu. Mai karatu a nan kamar mahauci yake: idan ya sa wuƙa a gaɓa sai nama ya rabu salin-alin, idan ya kuskure sai ya sari ƙashi.

Akwai kalmomin da suke da gaɓa a wuri biyu, kowanne da ma'anarsa. Valkuil: idan val-kuil ce, ramin tarko ne, idan valk-uil ce, shaho da mujiya aka haɗa, sunan wasu mujiyoyi na Ostireliya da Asiya. Nauyi duk a farko yake, bambancin kawai wane ɓangare ne ya mallaki k. Dijkramp: dijk-ramp bala'in fashewar ganuwar da ke tare ruwa ne, abin da ba a wasa da shi a ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata yake ƙasa da doron teku, dij-kramp kuwa ɗaurewar tsoka ce a cinya, irin ta ɗan ƙwallo a minti na 90. Massagebed: MASsa-gebed addu'ar taron jama'a, masSAge-bed gadon tausa, kuma a nan har sautin g yana canzawa, na farko daga maƙogwaro, na biyu irin na Faransanci. Kerstomaatje: kers-tomaatje ɗan ƙaramin tumatir, kerst-omaatje 'yar tsohuwar Kirsimeti. Marubuci Hugo Brandt Corstius, da sunan alƙalami Battus, ya fitar da littafi sukutum a 1981, Opperlandse taal- & letterkunde, a kan irin wannan wasa da kalmomin Holanci.

Wasan yakan zama aiki idan layi ya cika, kalma ba ta ƙare ba. Ƙa'idar yanke kalma a ƙarshen layi tana da tsari: a fara neman mahaɗar harɗaɗɗiyar kalma, sannan ɗafa-goshi da wasu ɗafa-ƙeya, sai a ƙarshe a koma ga gaɓoɓi. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin gaɓa ta gaba. Ch ba a raba ta, la-chen. Ng kuwa ana rabawa, zin-gen, ko da yake sauti ɗaya ce a baki. Ba a barin wasali ɗaya tilo a ƙarshen layi ko a farkonsa. Wani lokaci ma rubutun kansa yana canzawa: 'yar ƙaramar mota autootje ce da o biyu, amma idan aka yanke ta sai ta koma auto-tje.

Kwamfuta ta iya yawancin wannan. Tun 1983 Frank Liang na jami'ar Stanford ya fito da dabarar koya wa na'ura yanke kalma ta hanyar gane jerin haruffan da suka saba zuwa tare, kuma manhajoji da yawa suna amfani da ita har yau, har da na Holanci. Amma jerin haruffa ba ya faɗin ko marubuci tarko yake nufi ko mujiya. Ga kuma sababbin harɗaɗɗun kalmomi da ake ƙirƙira kullum, waɗanda babu ƙamus ɗin da ya taɓa ganinsu. Shi ya sa jaridu masu siraran layuka suke yawan fitar da yankan da ke ba masu karatu dariya. Maganin da ƙa'ida ta bayar mai sauƙi ne: marubuci yana da izinin sa karan ɗori a mahaɗa duk inda ya ga za a ruɗe, ya rubuta bom-melding ko massa-gebed.

Akwai inda karan ɗorin ya zama tilas. Holanci yana rubuta sautuka da yawa da wasula biyu, kamar ee, oo, ei, oe. Idan kalmar farko ta ƙare da wasali, ta biyu ta fara da wasali, ido yana iya haɗa su ya karanta sautin da ba shi ake nufi ba. Suna kiran wannan klinkerbotsing, karon wasula. Kafin 1995 ana magance shi da ɗigo biyu a kan wasali na biyu, a rubuta zeeëgel, bushiyar teku. Daga 1995 aka koma karan ɗori: zee-egel, auto-ongeluk, haɗarin mota, na-apen, kwaikwayo. Ɗigo biyun suka zauna a cikin kalmomin da ba harɗaɗɗu ba, kamar België, da kuma lambobi, kamar tweeëntwintig, 22.

Ambaton 1995 ya kawo mu ga zancen masu hukunci a kan rubutu. Tsarin rubutun yau ya samo tushe daga aikin Matthias de Vries da L.A. te Winkel a shekarun 1860. A 1954 aka fitar da jerin kalmomi na hukuma, wanda launin bangonsa ya ba shi suna het Groene Boekje, Koren Littafi. A 1980 Holan da Beljiyam suka kafa Taalunie, Surinam ta shigo daga baya, kuma ita ce ta sabunta littafin a 1995, da 2005, da 2015. Cikin duk abin da aka taɓa, babu wanda ya tada ƙura kamar 'yan haruffan da ake cusawa a mahaɗa.

Haruffan su ne s, da e, da en, kuma ba su da tabbas. Tunkiya schaap ce. Makiyayinta schaapherder, ba a cusa komai ba. Garkenta schaapskooi, an cusa s. Namanta schapenvlees, an cusa en. Wani wuri harafin shi ne ma'anar baki ɗaya: waternood ƙarancin ruwa ne, watersnood kuwa ambaliya. Bala'in daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953, lokacin da teku ta fasa ganuwa a kudu maso yammacin ƙasar ta ci rai 1,836, har yau Watersnoodramp ake kiransa, da s ɗinsa.

Rigimar ta fi zafi a kan n. Dokar 1954 ta ce a rubuta n idan dole ne a yi tunanin jam'i. Akurki kaji da yawa yake ɗauka, don haka kippenhok. Ƙwai kaza ɗaya ce ta saka shi, don haka kippeëi. Fanke a kasko ɗaya ake soya shi, don haka pannekoek. Sai dai kowa da irin tunaninsa, har aka wayi gari ruwan 'ya'yan itace bessesap ne ba n, amma abin shafa burodi na 'ya'yan itacen nan dai bessenjam ne da n. A 1995 aka ce a daina tunani, a dubi jam'in kalmar farko: idan da en kaɗai take jam'i, a rubuta en. Dare ɗaya fanke ya zama pannenkoek, ƙwai ya zama kippenei. Aka keɓe abubuwan da guda ɗaya ne tak, kamar rana a zonneschijn, da wata a maneschijn, da sarauniya a Koninginnedag. Aka kuma keɓe wasu sunayen tsirrai, sannan a 2005 aka soke keɓewar, furen paardebloem ya zama paardenbloem. Abin dariyar shi ne, a yammacin Holan, inda manyan birane suke, yawancin mutane ba sa furta n ɗin nan ko kaɗan. Shekara da shekaru ana jayayya a kan harafin da kunne ba ya ji.

Gyaran 2005 bai shiga salin-alin ba. Manyan jaridu irin su de Volkskrant, NRC Handelsblad da Trouw, tare da gidan labarai na NOS, suka ce ba za su bi ba. A 2006 ƙungiyar Onze Taal ta fitar da nata tsarin a Farin Littafi, het Witte Boekje, wanda ya sassauta a kan n. Tsarin hukuma ya zama wajibi ga ofisoshin gwamnati da makarantu daga 1 ga Agusta 2006, amma dokar ba ta hau kan jarida ko mutum a gidansa ba. Ƙasar da take ɗaukar rubutu da zafi haka, ba mamaki ta mayar da shifta wasan talabijin: daga 1990 zuwa 2016 ana nuna Groot Dictee der Nederlandse Taal, babbar shifta, daga zauren majalisar dattawa a birnin Hague, kuma a haɗe ko a rabe, da karan ɗori ko babu, suna cikin tarkunan da ake ɗana wa masu fafatawa.

Barazanar yau daga wani gefe take zuwa. Ingilishi yana rubuta yawancin harɗaɗɗun kalmominsa a rabe, kuma ɗabi'ar ta malalo cikin tallace-tallace, da allunan shaguna, da kwalayen kaya a Holan. Masu kishin harshe suna kiranta Engelse ziekte, cutar Ingila, sunan da tun da can ake kiran ciwon nan mai lanƙwasa ƙasusuwan yara da shi. Har akwai masu sa ido da suke kiran kansu SOS, Signalering Onjuist Spatiegebruik, suna tara hotunan tazarar da aka sa ba a wurinta ba. Wani zai ce tsaurin ido ne kawai. Amma langeafstandsloper a haɗe mai tseren dogon zango ne, lange afstandsloper a rabe kuwa dogon mutum ne mai tsere. Tazarar tana gaya wa mai karatu ya kai nauyi wani wuri dabam, nauyin kuma ya tafi da ma'ana. A wannan gardama masu kishin suna da gaskiya: rubutu a haɗe shi ne hanyar da Holanci yake nuna wa ido abin da murya take yi.

Saboda haka, masu sauraro, duk wanda karatu ko aiki ko aure ya kai shi Holan ko Flanders, ya gamu da doguwar kalma a takardar asibiti ko ta ofishin gari, kada tsawonta ya firgita shi. Ya fara daga ƙarshe, ya gano ainihin abin da ake magana a kai. Ya dawo baya yana neman mahaɗa, yana lura da s ko en da aka cusa. Idan zai furta, ya danna ɓangaren farko, sai fa in kalmar tana cikin 'yan tawaye irin su stadhuis. Duk sabuwar kalmar da zai rubuta a littafinsa kuma, ya ja layi a ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa tun ranar farko, ya nemi mai harshen ya faɗa masa ita da baki.